Gasar Mutum-mutumi Bayan An Rufe Kaka

Lokacin da Dean Kamen ya shirya gasar mutum-mutumi ta FIRST karo na farko a 1992, a zauren wasannin wata makarantar sakandare da ke Manchester ta jihar New Hampshire a Amurka, ƙungiyoyi 28 ne suka halarta. Tsarin kakar wasa da ya kafu daga baya gajere ne ƙwarai: a bayyana wasan shekara a Janairu, a ba ɗalibai makonni shida su ƙera mutum-mutuminsu, a kammala da gasar duniya a Afrilu. Injin da ya ci dubban daloli sai ya koma kusurwar bita yana shan ƙura. Wannan giɓi ne ya haifi gasannin bayan kaka, irin su Indiana Robotics Invitational, wadda ƙungiyoyi da kansu ke shiryawa a tsakiyar shekara, har sukan sauya wasu dokokin wasan.

Wasu za su ce ɓata kuɗi ne, tunda nasara a nan ba ta kai kowa gasar duniya. Ai dalilin zuwan ke nan. A cikin kaka, wasa 'yan mintuna kaɗan ne kawai, don haka babu mai miƙa wa sabon shiga sandar tuƙi. Amma manyan ɗalibai suna gama makaranta kowace shekara, su tafi da iliminsu. A gasar bayan kaka ne yarinyar da ta shekara tana ɗaure kusoshi za ta tuƙa injin, ta karya hannunsa, ta gyara kafin zagaye na gaba, kuma kuɗin rajista bai kai na kaka ba ko kusa.