Daga Lambar Rimi zuwa harabar jami'a: yadda aka koyi lissafin wutar sola

Jihar Katsina ta daɗe tana neman wutar da ba ta NEPA ba. A 2005, Umaru Musa 'Yar'adua yana gwamna, aka tsara tashar lantarki ta iska mai megawat 10 a Lambar Rimi. Gwamnatin tarayya ta karɓi aikin, kamfanin Vergnet na Faransa ya samu kwangila, sai kuma a Disambar 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a Rimi. Aikin ya shafe shekaru yana tafiyar hawainiya.

A 2016 aka juya ga rana. Kamfanoni 14 suka sa hannu da gwamnati kan manyan tashoshin sola, ciki har da Pan Africa Solar da ta nufi Kankiya da megawat 75. Hasken rana bai taɓa yankewa a Kankiya ba. Abin da ya cije shi ne farashi, da kuma wanda zai tsaya jingina idan masu rarraba wuta suka kasa biya.

Jami'o'i ne suka warware wannan ƙulli, domin jami'a ta san ɗakunan kwananta da ɗakunan gwaje-gwajenta da rijiyoyin burtsatsenta, kuma ita ce za ta sha wutar da kanta. A Satumbar 2019 hukumar REA mai kai lantarki karkara ta buɗe tashar megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, haɗin sola da batir da janareta. Da shirin hukumar na kai wa jami'o'i wutar sola ya kai kashi na uku, da kuɗin Bankin Raya Afirka, aka sa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a ciki.

A yankin Funtua da Malumfashi kuwa, tsadar rayuwa ce ta yi wa sola talla. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, masu noman rani da dama suka fara jingine injin fetur suna sayen famfon sola. A Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, masu sayar da farantin sola da batir suka ci kasuwa.

A wajen lissafin girman tashar sola ne ƙirƙirarriyar basira ta shigo. A 2021 Google ya fitar da taswirar gine-gine miliyan 516 na Afirka, waɗanda kwamfuta ta zaƙulo daga hotunan tauraron ɗan'adam. Da irin wannan taswira, injiniya yana zaune a Abuja zai ƙirga rufin kwanon wata makaranta, ya haɗa da bayanan hasken rana na shekaru, manhaja ta ƙiyasta masa yawan faranti da girman batir.

Sai dai hoton sama ba ya nuna lokacin da injinan gurzar auduga na Funtua suke tashi, ko sa'ar da ɗalibai 'yan makarantar ungozoma ta Malumfashi suke kunna fitila don karatun dare. Ba ya kuma auna ƙurar hunturu da ke kwanciya kan faranti tana rage wuta. Waɗannan sai mita da littafin sayen gas na janareta, kuma makarantar da ba ta ajiye irin wannan lissafi ba, sai an fara kafa mata mita tukuna kafin manhaja ta samu abin da za ta koya.