Ranar da Wikipedia Ta Rufe Ƙofarta

A ranar Laraba 18 ga Janairun 2012, duk wanda ya buɗe Wikipedia ta Turanci baƙin shafi ya tarar. Rumbun ilimin ya rufe ƙofarsa na tsawon awa 24 domin adawa da wasu ƙudurori biyu da ke gaban majalisar dokokin Amurka: PIPA, wanda Sanata Patrick Leahy ya gabatar a Mayun 2011, da SOPA, wanda Lamar Smith ya kawo Majalisar Wakilai a Oktoban shekarar.

Manufar ƙudurorin ita ce yaƙi da satar fasaha, kuma kamfanonin fina-finai da na waƙoƙi suna bayansu. Sai dai hanyar da aka zaɓa ta tayar da hankali. Za a iya toshe shafi ɗungurungum, a cire shi daga sakamakon bincike, a datse masa hanyoyin kuɗi, saboda abin da wani mai amfani da shi ya ɗora. Ga shafukan da jama'a ke cikawa da hannunsu, wannan barazana ce ga rayuwarsu.

Tun watanni biyu kafin ranar aka fara ɗaure tsintsiyar. A 16 ga Nuwamban 2011, wata sabuwar ƙungiya mai suna Fight for the Future ta haɗa kai da Electronic Frontier Foundation da Public Knowledge da Creative Commons da Mozilla, suka yi gangamin farko. Kowa ya kawo abin da yake da shi: lauyoyi suka warware sarƙaƙiyar ƙudurorin, injiniyoyi suka bayyana illar toshewa ga tsarin adireshin intanet, masu shafuka suka kawo jama'a. Dabarar rufe shafi kuwa an riga an gwada ta a Italiya, inda Wikipedia ta harshen ƙasar ta yi hakan a Oktoban 2011.

Ba ra'ayi ɗaya ya haɗa su ba. Google riba take nema, Wikipedia aikin sa-kai ce, kuma cikin masu adawar har da masu ra'ayin mazan jiya. Sun ajiye saɓaninsu ne suka tsaya kan buƙata guda: kada ƙudurorin su zama doka. Ita kanta Wikipedia sai da editoci kusan 1,800 suka tafka muhawara kafin a amince, domin wasu na ganin matakin zai taɓa martabarta ta 'yar ba-ruwanmu.

Gidauniyar Wikimedia ta ce mutane fiye da miliyan 8 sun nemi hanyar tuntuɓar wakilansu ta baƙin shafin. A ranar ce Sanata Marco Rubio ya janye goyon bayansa, kuma ranar 20 ga watan aka jingine ƙudurorin biyu. Guguwar ta tsallaka Turai, inda majalisar Tarayyar ta yi watsi da yarjejeniyar ACTA a Yulin 2012, da ƙuri'a 478 a kan 39.

Amma ba kullum ake kwana a gado ba. A Maris na 2019, Wikipedia ta Jamusanci ta rufe shafinta domin adawa da sabuwar dokar haƙƙin mallaka, majalisar ta zartar da ita duk da haka. A wannan karon manyan gidajen jaridu da ƙungiyoyin mawaƙa sun ɗaure tasu tsintsiyar, kuma sun yi nasarar nuna adawar a matsayin yaƙin manyan kamfanonin Amurka.