FIM ƊIN HOTO BAƘI-DA-FARI: A TASHE SHI KO A BAR SHI YA KWANTA?

Gabatarwa

Ya mai karatu, dalilin wannan ɗan rubutu nawa wani hoto ne da ke rataye a ɗakin kakata a Samaru. Hoton marigayi kakanmu ne, yana zaune bisa kujera sanye da babbar riga, hannunsa ɗaya bisa gwiwa, ɗayan kuma ya ɗora a kan rediyo. Kakata ta ce rediyon ba nasa ba ne, na mai hoto ne, ana ara wa duk wanda ya zo. A Sabon Gari aka ɗauke shi kafin Yaƙin Basasa, watau ya haura shekara 55, amma har yau ana iya ganin aikin zaren da ke wuyan rigar. Kusa da shi akwai hoton bikin iyayena mai kala, wanda bai kai rabin shekarunsa ba, amma ya koɗe ya yi jaja-jaja, da ƙyar ake gane fuskoki. Wannan ya sa na shiga bin diddigin irin fim ɗin da aka yi amfani da shi, sai na tarar a ƙasashen Turai da Amurka da Japan ana ta muhawara a kan ko ya dace a komo da irin waɗannan finafinai da aka daina yi. To, mu nan Zariya, ina ruwanmu da wannan magana? Amsar da zan yi ƙoƙarin bayarwa ke nan.

Yadda Hoto Ya Zauna A Zariya

Kamar yadda masana tarihi suka nuna, Sabon Gari ɗan jirgin ƙasa ne. Da titin dogo ya iso Zariya a wajejen 1911, sai ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu suka yi sansani kusa da tasha, wurin ya bunƙasa ya zama gari. Cikin sana'o'in da suka shigo da su har da ɗaukar hoto, wadda ta riga ta daɗe a bakin teku. Alal misali, Jonathan Adagogo Green na Bonny ya yi suna a wannan sana'a tun kafin rasuwarsa a 1905.

Samaru kuwa ilmi ne ya raya ta. An kafa tashar binciken aikin gona a nan a 1922, daga baya aka sami Kwalejin Fasaha da Kimiyya, wadda ta rikiɗa ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ɗalibi kuwa ba ya rabuwa da mai hoto: fasfo na shiga makaranta, hoton rantsuwar kama karatu, hoton ƙungiya, sa'an nan hoton ranar saka hula da alkyabbar digiri. Haka kuma a Tukur-Tukur akwai Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, inda a da ake buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa a 1939. Ta hanyarta Hausawa da yawa suka fara ganin fuskokin sarakuna da shugabanni a takarda. Duk waɗannan hotuna baƙi-da-fari ne.

Mene Ne Sirrin Fim Ɗin?

Shi fim ɗin nan wata leda ce mai haske da aka shafe fuskarta da wani danƙo, cikin danƙon kuma akwai ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Abin mamaki, danƙon daga ƙasusuwa da fatun dabbobi ake samunsa, musamman shanu. Idan haske ya shiga ta idon kyamara ya taɓa ƙwayoyin nan, sai su ɗauki alama wadda ido ba ya gani. A ɗakin duhu sai a tsoma fim cikin ruwan magani na farko, wuraren da haske ya taɓa su zama baƙar azurfa. Magani na biyu ya wanke ragowar gishirin da haske bai taɓa ba, daga nan a ɗauraye da ruwa a shanya. Abin da ya fito shi ne nagatif, inda fari ke zama baƙi, baƙi ya zama fari. Daga nagatif ɗin ake haska hoto a kan kati, a sake wankewa.

Nan ne amsar tambayata ta farko take. Hoton kakanmu azurfa ce zalla, ita kuwa ba ta saurin gushewa idan an ɗauraye ta da kyau. Hoto mai kala kuwa rini ne, kowa ya san abin da rana da zafi ke yi wa rini.

Abin Da Wani Dattijo Ya Gaya Mini

A hutun da ya wuce na je Sabon Gari na yi ta tambaya, har aka haɗa ni da wani dattijo da ya yi wannan sana'a tun yana saurayi. Yanzu shagonsa ya koma na sayar da kayan waya, jikansa ke kula da shi. Na gaishe shi, na ce, "Baba, na zo ne in ji yadda kuke wanke hoto a da."

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kai ne na farko da ya taɓa tambayata wannan."

Ya ce babbar wahalarsu zafi ne. Maganin wanki yana son sanyi kamar awo 20 na ma'aunin zafi, alhali a watan Afrilu ruwan famfo kansa ɗumi gare shi. Saboda haka sukan sa kwalaben magani cikin randa, ko su sayi ƙanƙara, ko su bari sai tsakar dare. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, domin ƙwaya ɗaya in ta manne wa jiƙaƙƙen nagatif sai ta fito fari tas a goshin mutum. Kyamararsa Yashica ce mai ido biyu, wadda ake leƙawa ta sama, kowane naɗin fim hoto 12 kawai yake ɗauka. Don haka ba a danna wa sai an gyara wa mutum hula, an daidaita masa kafaɗa, an ce kada ya motsa.

Da na tambaye shi ina nagatif ɗin da ya tara, sai ya yi shiru. Can ya ce kwali-kwali ne da su, amma da rufin ɗaki ya yi yoyo wata damina sai suka manne da juna suna wari kamar tsami, yara suka kwashe suka ƙone. Ya ce, "Rabin mutanen garin nan suna cikin kwalayen nan." Wannan magana ta tsaya mini a rai.

Yadda Aka Yi Ya Mutu

Abubuwa da dama suka taru suka kashe wannan sana'a. Na farko tsadar azurfa, wadda a Janairun 1980 ta kai kusan dala 50 kowane oza a kasuwar duniya. Na biyu zuwan injunan wanke hoto mai kala, waɗanda suka sa jama'a suka ga baƙi-da-fari tsohon yayi ne. Na uku faɗuwar darajar Naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, domin fim da kati da magani duk daga waje ake kawo su. Na ƙarshe, wanda ya yi mata kisan mummuƙe, shi ne kyamarar da ba ta bukatar fim. Wani injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson ne ya ƙera ta farko a 1975. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya daga 2001, ba a daɗe ba kowa ya zama mai hoton kansa.

Kamfanoni kuwa sai suka shiga rufe layi ɗaya bayan ɗaya. Kodak ya daina Verichrome Pan a 2002, ya daina katin baƙi-da-fari a 2005, ya daina Plus-X a 2011, shi kansa ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012. Ilford na Ingila ya durƙushe a 2004, sai da manyan ma'aikatansa suka saye shi a 2005 suka ci gaba. Agfa na Jamus, ɓangarensa na hoto ya karye a 2005.

Masu Cewa A Tashe Shi

Duk da haka, ba a taru an zama ɗaya ba. Matasa a ƙasashen waje sun sake sha'awar fim, har kamfanoni suka waiwayo. Kodak ya komo da T-Max P3200 a 2018 bayan ya daina shi a 2012. Fujifilm ya daina Acros a 2018, jama'a suka yi ca, ya fito da Acros II a 2019. Hujjar masu goyon baya ita ce kowane fim da irin kamanninsa, kamar yadda saƙar kowane gari take da nata hannu, kuma nagatif abu ne da za ka riƙe, ba ya ɓacewa don waya ta faɗa ruwa. Suna kuma nuni da darajar da hotunan Afirka ta Yamma suka samu: Malick Sidibé na Bamako ya karɓi babbar lambar yabo a bikin fasaha na Venice a 2007, Seydou Keïta ya shahara a duniya, J. D. 'Okhai Ojeikere na Nijeriya ya ɗauki hotunan kitso kusan dubu tun daga 1968, ga kuma Philippe Koudjina da ya adana rayuwar matasan Yamai.

Masu suka kuma suna cewa fim ɗin da aka tashe ba ya zama daidai da na da, domin injunan da wasu magungunan sun tafi, ma'aikatan da suka san sirrin sun tsufa. Suna kawai ake komowa da shi. Ga tsada, ga kuma ruwan magani mai ɗauke da azurfa wanda ba ya da kyau a zuba a kwata.

Ra'ayina

Ni a ganina, kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma muhawarar ta masu ƙoshi ce. Baturen da ke kukan rashin Plus-X yana da Tri-X, wanda ake yi tun 1954 a naɗi, yana da HP5 na Ilford, yana da ɗakin duhu a unguwarsu. Mu kuwa ko an tashi dukan finafinan duniya gobe, wa zai saya da Naira, wa kuma zai wanke? Hausawa sun ce ana ta kai wa ke ta kaya. Abin da ke mutuwa a hannunmu ba fim ɗin da ba a ɗauka ba ne, a'a, wanda aka riga aka ɗauka ne. Ledar tsohon nagatif tana ruɓewa a zafi da laima, warin tsamin da dattijon nan ya ji shi ne alamar. Kamfani yana iya sake yin fim, amma babu kamfanin da zai sake ɗaukar kasuwar Sabon Gari ta 1960, ko hawan Sallar Zazzau na wancan zamani. Dubi Solomon Alonge, mai hoton fadar Benin: an adana aikinsa, amma a gidan tarihi na Smithsonian da ke Amurka. Namu kuwa ko wannan gatan bai samu ba.

Kammalawa

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana na wannan ƙungiya tamu. Kamar yadda magabatanmu suka shiga ƙauyuka da rikoda suna tattara waƙoƙi da tatsuniyoyi, mu ma mu shiga Sabon Gari da Samaru da Tudun Wada da cikin birni, mu nemi tsofaffin masu hoto da iyalansu. Mu ɗauki hirarsu, mu roƙi aron nagatif da hotuna a kwafe su a kwamfuta, a rubuta sunan wuri da shekara tun masu sanin suna raye, a mayar wa masu su kayansu. Laburaren Kashim Ibrahim da Gidan Arewa na Kaduna wurare ne da za a iya neman su ba da mazauni. In kuma jami'a ta ware ɗaki guda na duhu don koyar da ɗalibai, finafinan da ake yi yanzu sun ishe mu.

Na koma na gaya wa kakata abin da na gano. Ta ce in sauko da hoton in duba bayansa. Akwai hatimin shagon da aka ɗauka, amma tawadar ta dushe, sai kalmar Zariya kaɗai ake iya karantawa. Allah ya ba mu ikon ceto abin da ya rage, amin.