Rumfuna Biyu a Tsakiyar Layi

Yaran unguwarmu a Inugu da nake koya wa Python, yawanci 'ya'yan masu fataucin shanu da albasa, sun ɗauka manhajar NumPy haka ta faɗo daga sama a kammale. Mu da muka fara taɓa ta tun tana jaririya mun san da tuntuɓe ta girma.

Jim Hugunin ne ya aza tubalin Numeric, tushen NumPy, a 1995. Daga baya masu nazarin taurari suka gina tasu, numarray, don hotunan da na'urar hangen nesa ta Hubble ke aikowa sun fi ƙarfin ta farko. Gida ya rabu biyu, sai da Travis Oliphant ya haɗe su, NumPy 1.0 ta fito a 2006.

Shekarar da ba na mantawa ita ce 2010. A Disamban 2009 aka saki 1.4.0 ɗauke da sabbin nau'o'in bayanai biyu, na kwanan wata da na tazarar lokaci, aikin da bai nuna ba. A cikin NumPy akwai wani jadawali da tsawonsa ke bin yawan nau'o'in; da aka ƙara biyu, duk abin da ke bayansa ya gusa. Yadda nake kwatanta wa yaran shi ne: an aiki yaro kasuwar Onica, an ce masa rumfa ta bakwai, ashe cikin dare an cusa rumfuna biyu a tsakiyar layi. Zai ƙirga daidai, ya miƙa kuɗi ga wanda ba shi ba. Haka ya faru da SciPy da sauran manhajojin da aka harhaɗa bisa tsohon tsari: su kai hannu inda suka saba, su tarar da wani abu daban, shirin ya mutu nan take ba ko sallama.

An yi muhawara mai zafi, sannan aka janye 1.4.0, aka fitar da 1.4.1 a Afrilun 2010 babu kwanan watan. Har gobe ina ganin girman masu wannan shawara, domin cire aikin da ɗan'uwanka ya yi wa gumi ba ƙaramin abu ba ne.

Sun sake yin haka a 2012, lokacin da suka zare tsarin alamta bayanan da suka ɓace kafin 1.7 ta fito a 2013. Kwanan watan kuwa ya dawo da sunan datetime64, kuma da shi ɗaya daga cikin ɗalibaina ke lissafa kwanakin da tirelar babansa ke yi tsakanin Sakkwato da Fatakwal.