BABI NA UKU: TARIHIN DILLANCIN GIDAJE DA FILAYE A SAMARU DA SABON GARIN ZARIYA

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai dubi yadda mutanen da ba su da jari suka riƙa shiga harkar gidaje da filaye a Samaru da Sabon Gari, tun daga zuwan jirgin ƙasa har zuwa yau. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, dabarun da dillalai ke amfani da su ba wayo ne kawai ya haifar da su ba. Tazarar da ke tsakanin abin da doka ta ce game da ƙasa da abin da ke gudana a kasuwa ita ce ta buɗe masu ƙofa.

3.1 Kafuwar Unguwannin Biyu

Turawan Ingila sun ci Zazzau a shekarar 1902, amma Sabon Gari bai samu ba sai bayan da layin dogo daga Ikko zuwa Kano ya ratso Zariya a 1911. Ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni da 'yan kasuwa, waɗanda akasarinsu mutanen Kudu ne, suna bukatar masauki kusa da tasha, Turawa kuma ba su so su zauna a cikin birni. Saboda haka aka yanka masu fulotai a bayan ganuwa. Tun kafin wannan, dokar ƙasa ta 1910 ta riga ta danƙa dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna. Ke nan wanda ya sami fuloti a Sabon Gari izinin zama aka ba shi, ba mallaka ba. Ginin da ya ɗora ne nasa, ɗakunan da ke ciki kuma su ne abin da zai ba da haya.

Samaru kuwa ilmi ne ya raya ta. An kafa tashar binciken aikin gona a 1922, aka buɗe reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya a farkon shekarun 1950, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta fara aiki a watan Oktoba na 1962. Jami'a ta gina wa manyan ma'aikatanta gidaje, amma masinjoji da direbobi da kuku-kuku da leburori sai dai su nemi ɗaki a tsallaken titin Sakkwato. Da ɗalibai suka fi ƙarfin ɗakunan kwana na cikin makaranta, su ma suka bi sahu. A hankali gonakin da ke kewaye, wajen Hayin Dogo da Bomo da Zango da Palladan, suka fara komawa filayen gini.

3.2 Dillali da La'adarsa

Dillanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Tun kafin a san cinikin fili akwai dillalan shanu da na goro da na tufafi, kuma Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan yadda amana tsakanin mai masauki da dillali da fatake take tsayawa a matsayin jari. Wannan tsarin ne ya dawo kan gidaje. Dillali ba ya bukatar ko sisi. Abin da yake bukata shi ne ya san wanda bashi ya matsa wa, da magadan da ke son raba gado, da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki. Idan ya haɗa mai saye da mai sayarwa aka yi tayi, aka sallama, sai ya karɓi la'ada.

Rikicin 1966 ya ƙara wa wannan sana'a aiki ta hanyar da ba a so. 'Yan ƙabilar Ibo masu yawa sun bar Sabon Gari cikin gaggawa, wasu suka sayar da gidajensu a wulaƙance, wasu suka bar su a hannun maƙwabta da abokan ciniki. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 da yawa sun dawo sun karɓi abinsu. Kula da gidan wanda ba ya nan da tara masa kuɗin haya ya zama aiki mai zaman kansa.

3.3 Kafin Alƙalami: Ciniki ba da Kuɗinka ba

Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace ɗaga ƙaramin dillali zuwa mai abin kansa, ita ce kuma ta fi jawo rigima. Yadda take shi ne, dillali ya taya fili da sunansa, a sallama masa, ya ajiye ɗan kuɗi a matsayin kafin alƙalami, a ba shi wa'adin kawo ciko. Kafin wa'adin ya cika sai ya nemo wani mai saye a farashin da ya ɗara na farko. Alal misali, idan an sallama masa fuloti mai ƙafa 50 a 100 a kan naira miliyan 3, ya ajiye dubu 200, ya samo wanda zai biya miliyan 3 da rabi, to da kuɗin mai saye na biyu zai cika wa mai fili, rabin miliyan kuma ya zama nasa. Sau da yawa ma sunansa ba ya fitowa a takarda, domin kai tsaye ake rubuta yarjejeniya tsakanin mai fili da mai saye na ƙarshe. A Amurka ma ana yin irin wannan, inda mutum ke ƙulla yarjejeniyar sayen gida sannan ya sayar wa wani da yarjejeniyar. Bambancin shi ne, can takardar lauya ce ke riƙe cinikin, nan kuwa galibi shaidu ne da sa hannun mai unguwa.

Haɗarin a fili yake. Idan mai saye na biyu bai samu ba, dillali na iya rasa abin da ya ajiye. Idan kuma mai fili ya ji farashin da aka sayar, yakan ga an cuce shi, musamman idan tun farko cewa ya yi a nemo masa mai saye. A nan ne fiƙihu ya shata iyaka: wakilin da aka ɗora wa sayarwa la'adarsa kawai ce halalinsa, ba shi da ikon ɓoye rarar kuɗi sai da yardar mai kaya. Haka kuma shari'a ta hana mutum sayar da abin da bai mallaka ba. Saboda haka tambayar da kan taso a gaban alƙali ita ce, a lokacin da aka ajiye kafin alƙalami, ciniki ya ƙullu ne ko kuwa alkawari kawai aka yi? Dillalai da yawa, a gaskiya, sun fi son a bar wannan tambaya a dunƙule, domin a cikin duhunta ribarsu take.

3.4 Dokar 1978 da Rufewar Ƙofar Banki

A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ga Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin dokar 1962 ta riga ta bi wannan tafarki. Dokar ta ce ba a sayarwa ko jinginar da filin da ke da takardar izinin gwamnati sai da amincewar gwamna. Samun takardar da amincewar yana cin lokaci da kuɗi, banki kuma ba ya ba da rance sai da ita. Don haka Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya da aka kafa a 1977, da Asusun Gidaje na Ƙasa na 1992 wanda ke cirar kashi 2.5 cikin 100 na albashi, ba su yi wa mai filin awon igiya amfanin kirki ba, wato wanda ya sayi yankin gona aka auna masa ba tare da taswirar hukuma ba. Matsin tattalin arziki da ya biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙara tsadar siminti da kwano.

Sai jama'a suka koma ga abin da suka sani. Wani ya sayi fili da kwasar adashi. Wani ya biya manomi kaɗan-kaɗan. A Samaru, inda ake karɓar kuɗin hayar shekara tun kafin a shiga ɗaki, mai ɗaki biyu kan gina na uku da kuɗin ɗalibai. Akwai kuma wanda ke da kango ba shi da kuɗin rufi, sai ya yarda wani ya ƙarasa ginin ya zauna ko ya ci haya na wasu shekaru, daga baya gida ya dawo hannun mai shi.

Jingina ta fi duk waɗannan tsufa, daga gona ta shigo gari. Mai gida ya karɓi kuɗi, ya miƙa gidan ga mai kuɗin, shi kuma ya zauna ko ya zuba 'yan haya har ranar da aka fanshe. Malamai da dama suna ganin cin amfanin abin jingina riba ce, tunda bashi ne ya jawo amfani. Duk da haka ba a daina ba, kuma gidaje da yawa ta nan suka sauya hannu, idan mai gida ya kasa fansa aka ƙara masa ciko ya sallama. Idan ya rasu kafin nan, magada kan tarar da baƙo a gidan mahaifinsu riƙe da takardar da ba su taɓa gani ba.

A 2015 gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa hukumar KADGIS domin tattara bayanan filaye a kwamfuta da sabunta takardun mallaka. Mai saye da ya yi hattara yana iya bincikar fili mai takarda kafin ya biya. Filin awon igiya da ba a yi wa rajista ba kuwa ba ya cikin wannan rumbu, saboda haka wanda zai saye shi har yanzu dillali da mai unguwa da maƙwabtan gona yake tambaya ko an taɓa sayar wa wani.