Daga Rinin Sirdi Zuwa Fentin Gwangwani: Tarihin Shafen Cikin Mota a Garwa

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi tarihin abin da ake shafa wa cikin mota a Garwa da sauran garuruwan arewacin Kamaru. Manufarta ita ce ta nuna cewa fenti yana bin jikin abin da za a shafa wa ne. Duk lokacin da kayan ƙera cikin mota suka canza, daga katako zuwa ƙarfe, daga ƙarfe zuwa roba, sai fentin da ya dace da su shi ma ya canza. Mai motar da ya ɗauki burushi da kansa ba tare da sanin haka ba zai yi asarar kuɗi, wani lokaci ma har da ta lafiya.

2.0 Kafin Zuwan Mota

Garwa gari ne a bakin kogin Binuwai, wanda ya bunƙasa a ƙarni na 19 a ƙarƙashin masarautar Adamawa. Fillanci ne harshen kasuwa, amma Hausawa fatake da masu sana'a sun daɗe a garin, har akwai unguwar da ake kira Hausare. A wancan zamani doki ne abin hawan manya, sirdi kuma shi ne mazauni. Majema kan jeme fata da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, sannan dukawa su lulluɓe sirdi da ita. A nan ya kamata ɗalibi ya lura da bambancin kalmomi biyu. Rini yana shiga cikin jikin abu ya zama ɗaya da shi, shi ya sa fata ke lanƙwasa launinta bai tsage ba. Fenti kuwa, kalmar aro ce daga Ingilishi, a bisa abu yake zama kamar ɓawo.

3.0 Zamanin Katako da Ƙarfe

Jamusawa sun ci Garwa da yaƙi a 1901, sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace ta a watan Yuni na 1915, daga nan ta zauna a hannun Faransa har zuwa samun 'yancin kai a 1960. A tsawon wannan lokaci garin ya zama babbar tashar jiragen ruwa. Idan kogi ya cika da damina, jirage kan taso daga Burutu a Nijeriya da gishiri da siminti da man fetur, su koma da auduga da gyaɗa. Manyan motoci ne ke kwasar kayan daga bakin ruwa zuwa Marwa, har zuwa Cadi.

Irin waɗannan motoci, kamar yadda aka saba a Afirka ta Yamma, sau da yawa inji da ƙashin ƙarfe kawai ake kawowa, kafintoci su ɗora bodin katako da bencina. Fentin mai ya dace da wannan aiki, domin katako yana shan sa, burushi kuma ya wadatar. Direba da yaron mota suna iya yin shafen da kansu. Inda ƙarfe ne, akan fara shimfiɗa jan fenti mai hana tsatsa kafin a ɗora launi.

A daidai wannan zamani ne sana'ar ta canza a Amurka. A 1924 kamfanin General Motors ya fitar da motoci masu fentin Duco na kamfanin DuPont, wanda ake fesawa ya bushe da sauri, alhali a da aikin fentin mota kan ɗauki makonni. A 1949 kuma Edward Seymour ya ɗura fenti a gwangwanin feshi. Wannan gwangwani shi ne ya sa feshi ya zo hannun kowa.

4.0 Zamanin Roba

Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da zirga-zirgar jirage a Binuwai. A 1974 layin dogo ya iso Ngawundare, sai hanyar kaya ta juya: daga Duwala a jirgin ƙasa, daga Ngawundare zuwa Garwa a mota. A shekarar ne kuma aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON, mai hedkwata a Garwa. Motoci suka yawaita. Da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994, sabuwar mota ta gagari mutane da yawa, sai aka ƙara raja'a ga na hannu daga Turai da kuma gyaran tsofaffi.

Cikin waɗannan motoci roba ce da leda da yadi. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa kan haura digiri 40, allon gaban direba kuwa, idan mota ta yini a rana, yana iya wuce 70. Zafi da hasken rana suna koɗar da launi, su busar da leda har ta tsattsage. Wanda ya shafa wa irin wannan wuri fentin mai, kamar yadda aka saba yi wa katako, zai ga ya ɓaɓɓare, ko ya yi danƙo ya ƙi bushewa. Dalili shi ne roba ba ta shan fenti, leda kuma tana lanƙwasa.

Saboda haka aka fito da shafe na musamman, marar kauri, mai bin lanƙwasar leda, wanda aikinsa ya fi kusa da rinin fatar sirdi. Ƙa'idojin amfani da shi kaɗan ne. A wanke maiƙo da sabulu, a goge wurin da lallausan samfefa, a fara fesa sinadarin da ke sa fenti ya kama roba, sannan a yi feshi kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku, ana bari yana bushewa. Allon gaba ba ya son fenti mai ƙyalli, domin yana haska gilashi ya kashe wa direba ido. Ba a shafa wa bel ɗin kujera ko matakin birki komai. A yi aikin a inuwa, ƙofofi a buɗe, ba ranar da ƙurar hunturu ta taso ba.

5.0 Matsalar Dalma

An daɗe ana sa dalma a fentin mai domin ya yi launi mai haske, ya bushe da wuri, ya kuma hana tsatsa. Dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara, kamar yadda aka gani a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe ɗaruruwan yara. Wani bincike da aka buga a 2013, wanda ƙungiyar CREPD ta Yawunde ta yi tare da abokan aikinta na Amurka, ya gano cewa kusan kashi biyu bisa uku na fentin da aka gwada daga kasuwannin Kamaru sun wuce mizanin 90 cikin miliyan. A 2017 gwamnatin Kamaru ta haramta fentin da ya wuce wannan mizani. Sai dai doka ba ta kankare abin da aka riga aka shafa. Wanda ya goge tsohon fenti a busashe cikin rufaffiyar mota yana iya shaƙar ƙurar, ya kuma kai ta gida a jikin tufafinsa. Jiƙa wurin kafin gugar yana rage wannan haɗari.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa kowane zamani ya zo da kayansa da shafensa: fata da rini, katako da fentin mai, roba da feshi na musamman. Tambayar farko ga mai son gyara cikin motarsa ita ce da me aka yi wurin, ta biyu kuma me ke cikin gwangwanin. Zaɓen launi a bayansu yake zuwa.