Gammon Kakana a Dajin Burma

Kakana bai taɓa harba bindiga ba a yaƙin Burma, ko Boma kamar yadda yake faɗa. Ba a ma ba shi ita ba. Kaki aka ba shi, da adda, da kaya. In muka dame shi muna yara, "Baba Tsoho, mutum nawa ka kashe?" sai ya kama hannun ɗayanmu ya ɗora a tsakar kansa, inda fata ta yi kanta, gashi ya daina fita. Nan gammo ya zauna.

Yana cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka haɗa a 1943 da mutanen Najeriya, da Gwalkwas wato Gana ta yau, da Saliyo, da Gambiya. Jirgin ruwa ya kwashe su zuwa Bombay, daga nan aka tura su kwarin Kogin Kaladan, cikin babbar rundunar Janar William Slim. Taron dangi ne sosai: Turawan Ingila, Indiyawa, Gurka daga Nefal, baƙaƙen gabas da na yammacin Afirka. Wani ba ya cin naman saniya, wani ba ya kusantar alade, wani sai shinkafa. Ciyar da wannan taro kaɗai yaƙi ne.

Kaladan kuwa duwatsu ne da kurmin gora. Mota ba ta shiga. Har hanyar jif suka sara da hannu, mil 75 daga Chiringa, aka sa mata sunan Afirka ta Yamma, amma da suka nutsa gaba hanyar ta zama a bayansu. Sai abinci ya koma saukowa daga sama. Runduna ta 81 ita ce babbar runduna ta farko da ta rayu wata da watanni a kan abin da jiragen Dakota ke jefowa. Da laimar sauka ta yi ƙaranci, mutanen Slim suka sa aka ɗinka wasu a Kalkata da zaren da ake saƙa buhun algarara.

Wannan shi littattafai suka fi yabawa, kuma ya cancanci yabo. Amma jirgi jefarwa yake ya juya. Wa ke tsince kayan? Kakana ya ce tun da sassafe suke share fili da adda, su shimfiɗa ƙyalle don matuƙi ya gani. In jirgi ya iso kowa ya raɓe jikin itace, domin buhunan shinkafa ba a sa musu laima, haka ake turo su, kuma wanda buhu ya samu a ka sai dai a yi masa salla. Ƙura na lafawa su bazu, su ciro laimar da ta maƙale a reshe, su ware harsashi daban, magani daban, gwangwanaye daban. Sannan kowa ya naɗe gammonsa, ɗan'uwansa ya ɗora masa, a kama hawan dutse a jere. Inda alfadari ya tirje, su sukan wuce.

Abin da ya fi ci masa rai har tsufansa shi ne kwanton ɓauna. Mai bindiga yana da abin mai da martani. Ɗan dako sai dai ya kwanta rub da ciki, hannu ɗaya a kan akwatin harsashin da aka ce ko da ransa kada ya yar. In an yi rauni, su ne dai ke sara gora su haɗa makara, su kai mutum filin da suka share wa ƙaramin jirgi.

A Janairun 1945 rundunarsu da 'yar'uwarta ta 82 suka karɓe Myohaung daga hannun Japanawa. Sunayen wuraren yaƙin Burma suna jikin barikokinmu har gobe: Dodan da Myohaung a Legas, Dalet a Kaduna. Ina jin zafin yadda ko a cikin mazan jiya ake yi wa irinsu kakana kallon 'yan rakiya, alhali ba su, ba harsashin da zai kai bakin daga.

Da ya dawo gida noma ya koma. Ran kasuwa yakan ɗora buhun gero a ka ya yi gaba, jaki na biye da shi da rabin kaya, ya ce dabbar ta gaji.